Mun Guji Alade a Tailan, Muka Tarar da Wiwi a Tukunya

Rabona da Bankok tun ƙarshen 2019, kafin korona ta rufe hanyoyi, sai a watan Oktoban 2023 Allah ya sake nufa na koma saro kaya. Wannan karon ban tafi ni kaɗai ba. Yayata ta matsa mini in ɗauki ɗanta, saurayi ɗan shekara 24 da ke tsare mini shago a Kantin Kwari, wai ya ga hanya ya san mutane tunda ni girma ya fara kama ni. Muka tashi daga Kano, muka yada zango a Adis Ababa, washegari da rana muka sauka a Bankok.

Tun a cikin jirgi na biya masa karatun da nake biya wa duk wanda na ɗauko. Na farko, kada ka riƙe wa kowa jaka, ko ɗan unguwarku ne ya zo yana hawaye. Tailan da na sani ba ta wasa da maganar ƙwaya. A 2003, zamanin Firaminista Thaksin Shinawatra, an yi yaƙi da masu harkar da ya ci rayuka sama da 2,000, kuma 'yan Najeriya da yawa sun tsufa a gidajen yarin ƙasar. Na biyu, abinci. Mutanen nan suna son alade yadda muke son rago, har man suyarsu da romon taliyarsu ba ka da tabbas a kai. Na ce masa ya riƙa neman koren tambarin halal. Sannan na ƙara da maganar da daga baya ta dawo ta same ni: "In ba ka ga tambarin ba, nemi inda aka rubuta ba nama. In dai ba nama, ci abinka hankali kwance."

Ya ce, "To, Kawu."

Daren farko muka fita daga masaukinmu a Pratunam za mu Sukhumvit, layin Larabawa da ke kusa da Nana, inda na saba cin shinkafa da gasasshiyar kaza. Muna saukowa daga tasi wani wari ya buge ni. Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tasha ko kangon unguwa da yamma ya san warin nan. Na ɗauka wani ne ya laɓe yana zuƙa, na fara waige-waige don mu yi nesa da shi kafin 'yan sanda su yi mana kuɗin goro. Sai yaron ya taɓa ni ya nuna sama. Ga shago fes da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, an yi masa hoton koren ganye mai yatsu da fitila, a ciki kwalabe jere kamar na mai turare, wata yarinya da ɗan sikeli tana auna wa Bature. Kafin mu kai gidan abincin na ƙirga irinsa guda shida.

Alhajin da ke mana dillanci, mutumin Damagaram ne da ya shekara ashirin da wani abu a can, shi ya warware mini. Ya ce ai ni ne na kwana biyu. A ƙarshen 2018 majalisarsu ta halatta tabar wiwi don magani. Bayan shekara biyu aka cire ganye da kara da saiwa daga jerin haramtattun ƙwayoyi, har wani asibitin gwamnati a lardin Prachinburi, wanda ya shahara da maganin gargajiya, ya fara sayar da abinci mai ganyen a farkon 2021. Ranar 9 ga Yuni, 2022, aka cire tsiron gaba ɗaya, aka saki dubban fursunonin da aka ɗaure a kansa, ministan lafiya na lokacin, Anutin Charnvirakul, ya shiga raba wa jama'a dashe miliyan ɗaya kyauta. An ce ba a sayar wa wanda bai kai shekara 20 ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa, kuma wanda ya busa a bainar jama'a ya dami mutane ana iya cin sa tarar bat 25,000 na kuɗin ƙasar. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Wannan a takarda ke nan. Hancinka ai ya faɗa maka sauran."

Na yi wa yaron kallon da ya gane. Ya ce, "Haba Kawu, ni ko sigari ka taɓa gani na da ita?" Gaskiyarsa ce, ban taɓa ba.

Zuwanmu ya dace da bikin da suke kira je, na kwana tara, wanda Sinawan Tailan ke yi a wata na tara na kalandarsu. A shekarar ya kama daga 15 zuwa 23 ga Oktoba. Ni a wurina wannan biki rahama ne. Ko'ina ka duba, daga kan teburan bakin titi har cikin manyan kantuna, an kafa 'yan tutoci ruwan ɗorawa da jan rubutu mai kama da lamba 17. Inda duk ka ga tutar, abincin babu nama, babu kifi, babu ƙwai, babu madara. Masu bikin suna sa fararen kaya, suna ƙaurace wa giya da taba, har albasa da tafarnuwa ba sa ci, wai suna tayar da sha'awa da zafin rai.

Bayan mun gama zagayen Sampeng da Pahurat muna duba yadi, sai mu gangara Yawarat, unguwar Sinawa, mu ci mu yi nak da bat hamsin-hamsin. A nan na ga abin da ake yi da awara wanda bai taɓa zuwa mini a rai ba. Mu a gida iyakarta a soya a barbaɗa yaji, in an ji daɗi a tsoma a ƙwai. Su kuwa akwai mai laushi kamar kindirmo, akwai busasshiya mai kama da ganda, akwai wadda aka naɗe aka yanka ka rantse tsokar agwagwa ce. Wata tsohuwa ta zuba mana wani abu ja a kan shinkafa, yaron ya ja hannunsa ya ce wallahi wannan alade ne. Sai da matar ta nuna masa tutar, ta yago abin ta nuna masa cikinsa, ashe alkama ce aka wanke aka murza. Ya ci, amma bai fasa ƙorafi ba. Ya ce miyar da ba albasa ai ta majinyata ce. Muka kora da wani jan ruwa mai sanyi da suke kira nam kraciyap, kurɓar farko muka kalli juna, zoɓo ne tsaf, sai dai ba citta ba kanumfari.

Kwana bakwai muna haka, yaron ya haddace darasin: ba nama, ba matsala.

Abin da ya kai mu arewa kuwa, wata mai ɗinki ce a Abuja, tsohuwar abokiyar cinikina, ta turo mini hoton wani yadi mai shuni na ƙabilar Hmong ta ce in na samu in taho mata da shi. Aka ce sai Ciyang Mai. Muka hau jirgin ƙasa na dare, tafiyar kusan awa goma sha uku, kujerun suna zama gadaje a ja labule. Gari ya waye mana cikin duwatsu da hazo, damina na ban kwana, ko'ina kore shar. Ciyang Mai tsohon birni ne, an kafa shi a 1296, yana da ganuwa da ƙofofi da kududdufin da ya zagaye shi. Da na tsaya a ƙofar Tha Phae, jan bulo, tattabaru na ta shawagi, sai na tuna Ƙofar Na'isa kafin a taɓa ta.

Masaukin da muka samu gidan katako ne a wani lungu kusa da ƙofar. Mai gidan dattijuwa ce da za ta haura sittin, kowa na ce mata Pa, wato kamar mu ce Gwaggo, ni ma na bi sahu. A ƙasan benen tana da ɗan gidan abinci mai tebur biyar, kusan duk masu cinsa Turawa ne irin waɗanda ake kira bigan, masu gudun duk abin da ya fito daga jikin dabba, har zuma. Garin cike yake da irin waɗannan wurare. Ni dai na ɗauka su da masu tuta ruwan ɗorawa duk kanwar ja ce. Ashe akwai tazara. Mai je ibada yake yi, ba zai kusanci abin maye ba. Bigan kuwa tausayin dabba ne ya dame shi, in dai ba a taɓa saniya ko kaza ba, sauran ba ruwansa.

Da yammar ranar na tafi masallacin Ban Haw na Musulmin Sinawa 'yan asalin Yunnan, kusa da kasuwar dare. Yaron ya ce shi ya gaji, zai yi sallarsa a ɗaki. Na yi magariba, na zauna har isha, na tsaya na sha khao soi na kaza a layin masallacin, wata taliya ce cikin romon madarar kwakwa, na dawo wajen ƙarfe tara.

Na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da gado, ya dafe ƙirji da hannu biyu, idanun nan jawur. Ya ce, "Kawu, ka zo? Tun jiya nake jiran ka." Na ce wace jiya, awa uku ke nan da fitata. Ya ce zuciyarsa za ta fito, bakinsa ya bushe kamar ya ci gari, ƙafafunsa kuma ba nasa ba ne. Sai ya kama kalmar shahada, yana yi yana ƙarawa. Can ya tsaya ya ce in ɗauko biro, akwai wani a layin 'yan shadda da yake bin sa dubu arba'in, a biya shi, kuma a ce wa Umma ta yafe masa. Yana gama faɗa ya ɗaga kai ya ga fanka na juyawa, ya fashe da dariya har da hawaye, sannan dariyar ta koma kuka.

Yanzu ina ba da labarin ana dariya, amma a daren nan jikina rawa yake. Ɗan mutane ne, amana, a ƙasar da ban iya harshenta ba. Na yi zaton aljanu, na yi zaton ciwon zuciya, na tofa masa Ayatul Kursiyyu. Da na juya neman ruwa sai na ga leda a kan tebur, ciki da wani ɗan kek baƙi mai cakulan, gefe kuma takardun guda biyu da aka riga aka cinye. Ya ce, "Naka ne, Kawu, na rage maka. Ba nama."

Na sauka da takardar a guje. Pa ta sa tabarau ta juya bayanta, ta nuna mini wani ɗan hoton ganye da bai fi ƙumbar yatsa ba, ƙarƙashinsa rubutun Tailanci. A gaba kuwa, da manyan haruffan boko, kalmar bigan ce kaɗai. Ta ce, "Kanca," wato wiwi da harshensu. Ta ɗaga yatsu tana tambaya nawa ya ci. Na ɗaga biyu. Ta dafe kai, ta ƙwala wa wani mai jar a-kori-kura kira, irin waɗanda ke haya a garin, muka kinkime shi sai asibiti.

Likitan matashi ne, Turancinsa ya fi nawa, kuma daga ganin yadda bai razana ba na san ba mu ne na farko ba. Ya auna bugun zuciya da hawan jini, ya sa aka kwantar da shi a ɗaki mai shiru aka ba shi ruwa, ya ce za su sa masa ido zuwa asuba. Shi ya fahimtar da ni abin da ya faru. Wanda ya busa, cikin 'yan mintoci yake jin ta, ya san inda zai tsaya. Wanda ya ci kuwa sai ta bi ta ciki ta isa hanta, abin da kan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu, hantar kuma ta juya sinadarin da ake kira THC zuwa wani wanda ya fi shi kama jiki, ya kuma daɗe, awa shida, takwas, wani lokaci fiye. Shi ya sa mutum zai ci ɗaya ya ji shiru ya ƙara. Namu ma ba jira yake yi ba, daɗi kawai ya ji ya ƙara. Likitan ya ce wanda ya fi ba su tsoro shi ne ƙaramin yaro da zai tsinci irin wannan a gida ya ɗauka alewa ce, da kuma dattijo mai ciwon zuciya. Ya faɗi na biyun yana kallon furfurata, na tuna da na ukun da aka rage mini.

Da hantsi muka dawo. Yaron ya kwanta ya yi barcin da bai farka ba sai la'asar. Ni kuwa na sauko ƙasa da fushina, domin da safen nan ne na lura a jikin allon abincin Pa ma akwai hoton ganyen a gefen wasu kaloli. Na buɗe manhajar fassara a waya na rubuta mata magana mai zafi. Ta karanta, ba ta ce komai ba, ta kama hannun rigata ta ja ni madafi.

Ta fara nuna mini takardar da ta manna a bakin ƙofa, mai sanar da cewa gidan yana girki da ganyen, da jerin kalolin da ake sawa, da gargaɗi ga masu ciki da yara da masu tuƙi. Ta ce hukumar lafiya ce ta wajabta, har ta ƙayyade ganye ɗaya zuwa biyu a kwano. Kek ɗin kuma ba nata ba ne, daga wani shagon kofi yaron ya sayo. Sannan ta buɗe firiji ta ɗauko wani kwano da aka rufe da jiƙaƙƙen tsumma.

Wallahi da a kasuwar Rimi na ga ganyen nan cewa zan yi rama ce. Yatsu biyar zuwa bakwai, gefensu kamar haƙoran zarto, sai dai ya fi rama siranta da duhu. Daga baya ɗana da ke karatun aikin gona ya ce mini ba ni kaɗai na ga kamar ba, sunan rama a wurin masana tsirrai ma daga sunan wiwi aka ciro shi saboda wannan kamannin. Na shinshina, ƙamshin ɗanyen ganye ne kawai da ɗan ɗaci. Pa ta ce ƙarfin abin a furen macen yake, ganye kaɗan ne a cikinsa, kuma ɗanye ba ya bugarwa sai ya ji wuta. Ta ce abin yana bin mai, shi ya sa masu kek suke haɗa furen da man kwakwa tunda bigan ba ya cin man shanu, su sayar wa baƙi ba tare da kowa ya auna ƙarfinsa ba. Ta yamutsa fuska ta rubuta mini a waya: "Wannan ba girki ba ne."

Nata girkin kuwa na tsaya na gani da idona, don wasu Turawa biyu sun yi oda. Ta zauna a kan 'yar kujera ta jawo turmin dutse tsakanin ƙafafunta. Ta zuba ɗanyen barkono kore, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wasu ke sawa a shayi, da wani ɗan'uwan citta fari mai tauri, da ɓawon lemon tsami, da tafarnuwa da ƙananan jajayen albasa, tana daka tana juyawa da cokali har ya zama kamar kore lalle. A girkin Tailan na asali a nan ake sa wani dakakken jatan lande mai wari da ruwan kifi, amma bigan ba ya ci. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko wani abu baƙi-baƙi, faifai sirara kamar tafin hannu, ta ɗora a kan wuta ta gasa. Warin na tashi na ce da ƙarfi, da Hausa, "Daddawa!" Ta ce thua nao. Waken suya ne ake dafawa a rufe shi ya kwana uku ya ruɓa, a daka a fyaɗa a shanya, sak yadda ake daddawar waken suya a wurinmu in kalwa ta yi tsada. Fushina ya ragu da rabi a wurin nan, ban san dalili ba.

Ta ɗora kasko ta zuba kan madarar kwakwa mai kauri, ta bar shi yana tafasa har mai ya taso, ta juye dakan a ciki, gidan ya gume. Ta sa soyayyiyar awara, da laimar kwaɗi irin wadda suke nomawa, da yalo fari da ta raba huɗu, da wasu ƙananan gauta masu ɗaci kamar ƙwayar gujiya. Daf da saukewa ta ɗauki ganye ɗaya tak ta yayyaga ta jefa tare da ɗoɗɗoya. Wasu biyun kuma ta tsoma su cikin kwaɓin garin shinkafa mai ruwa-ruwa ta saka a mai, suka fito a buɗe da yatsunsu kamar an zana, ta ɗora a gefen faranti don ado. Turawan suka yi ta ɗaukar hoto kafin su ci.

Ta ce mini uwarta a ƙauye haka take yi tun kafin a san wata doka, ganye ɗaya a tukunyar miyar kaza ko romon taliya, don abinci ya yi daɗi, mara lafiya ya samu cin abinci, tsoho ya yi barci. A wurinsu kamar magi ne. Da gwamnati ta tsananta a 1979 sai aka koma sawa a ɓoye. Ta ce ita abin da ya ba ta haushi, an ce an dawo wa talaka da ganyen kakanninsa, sai ga shi masu kuɗi sun cika gari da fure mai ƙarfi irin na ƙasashen waje.

Ta ɗebo a cokali ta miƙo mini in ɗanɗana. Na girgiza kai. Ta ce ba ya bugarwa, ganye ɗaya ne. Na rubuta mata cewa a addininmu an ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ta karanta sau biyu, ta gyaɗa kai, ta ce ai su ma a cikin dokoki biyar na mabiya Buddha akwai barin abin maye, sai dai kowa da inda yake ja layinsa. Ban ja maganar ba. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, abin da na sani shi ne ban ci ba kuma ba zan ci ba. Ita ma ba ta ja ba. Ta ɗauko wani kaskon daban, ta wanke shi a gabana da sabulu sau biyu tana kallona tana murmushi, ta sake wani girkin daga farko babu ganyen. Na ci da shinkafa mai danƙo irin tasu ta arewa, wadda ake dunƙulawa da hannu kamar tuwo. Ban taɓa cin abin da ba nama ya yi mini daɗi haka ba, kuma na faɗa mata.

Ranar Juma'a da safe akwai 'yar kasuwa da ke ci a gaban masallacin Ban Haw, mutanen kan duwatsu na saukowa da kayan lambu. Bayan an sauko daga salla na zauna da wani dattijo mai shagon shayi da ya yi karatu a Masar, muka gwada Larabcinmu, nawa na makarantar allo da na Umra, nasa na gaske. Na ba shi labarin yaron. Bai yi dariya ba. Ya ce da can tambaya ɗaya suke koya wa 'ya'yansu in za su ci abu a waje, yanzu ta zama biyu, kuma ta biyun ta fi wuya domin alade ana ganinsa.

Maganarsa ta zauna mini. Mu ma ai ba baƙin wiwi ba ne. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke shan ta a Najeriya, ga ta haramtacciya, ga hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 na ta kame. Amma wiwin da muka sani mai tona asirin kansa ne. Yana da hayaƙi, yana kama riga, yana baƙanta leɓe, uwa na shiga ɗakin ɗanta ta san abin da ake ciki. Wanda na gani a leda a kan tebur ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙamshin cakulan yake, an naɗe shi da kyau, an rubuta masa kalmar da ni da bakina na ce wa yaro alamar aminci ce. Yaron da ko sigari bai taɓa riƙewa ba ya ci biyu da bisimilla.

Yadin da ya kawo mu mun same shi a wani lungu bayan kasuwar Warorot, inda matan Hmong ke baje kaya. Shuni ne na gaske, yana kama hannu kamar na Ƙofar Mata, an yi masa zane da kakin zuma. Da na tambayi zaren, sai matar ta ce kancong. Wanda ya raka mu ya ce ɗan'uwan kanca ne, irin da ba ya bugarwa, don zarensa ake noma shi kamar yadda muke igiya da rama. Yaron ya ja da baya ya ce, "Kawu, don Allah mu bar musu kayansu." Na ce riga ai ba a cin ta. Na sayi ƙwarya shida.

Tun muna can ake ta maganar sabon firaminista, Srettha Thavisin, ya ce zai mayar da abin na magani kawai. Bai samu yi ba har ya bar kujerar. Sai a watan Yunin 2025 aka fitar da umarnin cewa ba a sayar da furen sai da takardar likita. Alhajin Damagaram ya ce mini a waya shaguna da yawa sun rufe, wasu kuma sun samo likitan da ke rubuta takardar.

Daren da za mu taso na zazzage jakunkunanmu a kan gado, na bi komai ɗaya bayan ɗaya ina juya bayansa. Man zafi guda biyu da yaron ya saya wa uwarsa a kasuwar dare, da wani ganyen shayi, duk da ɗan hoton a jiki. Muka bar su a kwandon shara. Abin da na ƙi bari shi ne ƙunshin thua nao da Pa ta ba ni, faifai ashirin a ɗaure da zare.

A filin jirgin Kano wani jami'i ya buɗe jakar, ya ɗago ƙunshin, ya juya shi, ya kalle ni ya kalli fasfona. Ya ce, "Alhaji, daga Tailan, wannan fa?" Yaron da ke bayana ya daskare. Na ce ya shinshina. Ya kai hanci, ya yi saurin kawar da kai, ya ce, "Daddawa? Ka tafi har can ka sayo daddawa?" Ya mayar ya zuge jakar.

Muna cikin mota yaron ya matso ya rage murya. "Kawu, maganar nan, Umma ba sai ta ji ba ko?" Na ce ba zan faɗa ba. Na tambaye shi mai dubu arba'in ɗin nan na layin 'yan shadda, wanda ban taɓa jin labarinsa ba sai a daren wasiyya, wane ne shi, kuma kuɗin me ne.